Abin da itacen inabi ya koya mini a kudancin Faransa

Ranar 28 ga Yunin 2019 ina cikin wata gonar inabi a gabashin birnin Montpellier, ina auna danshin ƙasa. Ni ɗan Maraɗi ne, zafi ba baƙona ba ne, don haka da safe har dariya nake wa abokan aiki da ke ta kurɓar ruwa kamar raƙuma. Kafin la'asar dariya ta ƙare. A ranar ce ma'aunin zafi ya kai digiri 46 a ƙauyen Vérargues, ba nisa da inda muke, kuma ba a taɓa rubuta irin wannan zafi a Faransa ba. Washegari muka tarar da ganye ya soye kamar an bi shi da wuta, nonnan inabi kuma sun yamutse sun koma zabibi tun ba su nuna ba. Mai gonar, wani dattijo da ya gaji wurin daga kakansa, ya tsaya gaban layukan wani irin inabi mai suna Carignan da ya fesa wa farar wuta kwanaki kaɗan kafin nan don maganin funfuna. Su suka fi ƙonewa. Bai yi magana ba, sai murza busasshen ganye yake yi a tafin hannunsa.

Karatun noman rani da sarrafa ruwa ya kai ni can, ba giya ba. Sai dai a wannan yanki duk inda ka juya inabi ne, kuma kusan dukkansa na giya ne. Da aka ce aikin gwajina a gonar inabi zan yi, na kwana biyu ina saƙa da warwara. Daga ƙarshe na tsaya a kan ƙasa da saiwa da ruwa, ranar da ake ɗanɗano kuma na ce musu addinina ya hana, ba wanda ya matsa mini. Ban taɓa kai ta baki ba, don haka kada kowa ya tambaye ni wacce ta fi wacce. Lissafin manomi na gani, shi kuwa ba sai an kurɓa ake gane shi ba.

Darasin farko a gindin itace na same shi. Dattijon ya tone ƙasa da yatsa ya nuna mini wani kumburi a ƙasan kututture, ya ce nan ne mahaɗa. Sai na ga ai aure ne, irin wanda ake yi wa mangwaro a gida. Saman ɗan Faransa, saiwar 'yar Amurka. Dalili kuwa wani ƙwaro ne ƙanƙani mai suna filoksera, wanda ya biyo itatuwan da aka shigo da su daga Amurka, ya bayyana a yankin Gard a farkon shekarun 1860. A saiwa yake zama yana tsotso har itacen ya mutu a tsaye. Wani malamin ilimin tsirrai na Montpellier, Jules-Émile Planchon, shi da abokan aikinsa suka gano shi a 1868, kuma har yau mutum-mutuminsa na nan a wani ɗan lambu gaban tashar jirgin ƙasa ta birnin. An gwada guba, an gwada cika gonaki da ruwa. Giyar da Faransa ke samarwa ta faɗi daga sama da lita biliyan 8 a 1875 zuwa ƙasa da biliyan biyu da rabi a 1889. Abin da ya yi magani shi ne a ɗauko saiwar inabin Amurka, wadda ta saba da ƙwaron, a ɗora mata reshen Turai. Mutanen da ke alfahari da ƙasarsu fiye da kowa, ga shi arzikinsu a kan saiwar aro yake tsaye. Na daɗe ina jin daɗin wannan.

Amma abin da ya biyo bayan maganin ya fi tsaya mini a rai. Da aka sake dasa gonaki, manoman Languedoc, wato yankin da Montpellier take, suka rungumi iri mai yawan haihuwa, musamman Aramon, saboda ma'aikatan masana'antu da na haƙar kwal a arewa suna shan giya mai araha kullum. Ga ta Aljeriya tana shigowa ta jiragen ruwa, ga 'yan algus suna haɗa ta da sukari. Kaya ya yi yawa, farashi ya karye. A 1907 manoma suka tashi, wani Marcelin Albert na ƙauyen Argeliers a gaba, kuma ranar 9 ga Yuni mutane sama da rabin miliyan suka cika Montpellier. An harbe mutane a Narbonne, wasu sojoji 'yan yankin suka yi tawaye. Ƙwaro ya talauta su da rashi, shekara talatin bayan nan yalwa ta talauta su. Duk wanda ya taɓa ganin kwandunan tumatir suna ruɓewa a bakin hanya lokacin kaka ya san wannan ciwo.

A lokacin girbi na bi tarakta zuwa ma'ajiyar ƙungiyar manoma ta ƙauyen. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun daɗe a yankin, ta Maraussan tun 1901 take. A bakin ƙofa ake auna nauyin kaya, a zura wani ƙarfe ya ɗebo ruwan inabin a duba yawan sukarinsa, a rubuta iri, a miƙa wa manomi 'yar takarda. Ba a ba shi ko sisi a ranar. Kuɗinsa sai bayan watanni, kashi-kashi, idan an sayar. Mai saye kuwa ba ya zuwa gona. Dillali ne ke yawo da 'yan kwalabe na samfuri, ya kai wa manyan 'yan kasuwa, su kuma suna da alkawari da manyan kantuna a Jamus ko Ingila ko Holan. Ana ciniki a kan lita ɗari-ɗari, tanka guda ko goma. Kuma tambayar farko da mai saye ke yi ita ce wane iri ne.

Nan ne na fahimci dalilin da gonar dattijon ta zama kamar riga mai faci. Kakansa ya dasa Aramon. Mahaifinsa ya tumɓuke ya sa Carignan. Shi kuma a shekarun 1990 ya cire rabi ya sa Merlot da Syrah da Cabernet Sauvignon, domin masu saye a waje sun koyi karanta sunan iri a jikin kwalba daga giyar Kaliforniya da Ostireliya, kuma tambarin Pays d'Oc da aka kafa a 1987 ya ba manoman yankin damar rubuta sunan irin. Ya ci bashi ya yi wannan. Kafin ya gama biya, bakin mutane ya fara komawa ga farar giya da mai ruwan hoda, masu sanyi marasa nauyi. Yanzu Chardonnay ake nema, da Grenache da Cinsault na yin mai ruwan hodan, ja kuma tana kwantai a tankuna.

Ya taɓa yi mini lissafin a bayan wata ambulan. Itacen inabi sai ya shekara uku kafin a tsinki abin kirki, sai ya kai bakwai ko takwas kafin ya cika ƙarfi, kuma don ya mayar da kuɗin dashe da waya da turaku dole ya yi shekara ashirin zuwa talatin yana bayarwa. Ya ce, “Yaro, wanda zai sha abin da na dasa yau, yanzu yana firamare. Ta ina zan san abin da zai so?”

Da alama ma ba zai so komai ba. A shekarun 1960 Bafaranshe na shan sama da lita 100 a shekara idan aka raba da yawan jama'a, yanzu abin bai fi 40 ba. Hukumar kula da inabi da giya ta duniya ta ce shan giyar inabi a duniya a 2024 ya sauka zuwa inda ba a gani ba tun 1961. Matasa sun rage sha, wasu sun koma ga wadda aka cire wa barasa, kasuwar Chaina da aka ɗora wa buri ta ja baya. A 2023 Faransa ta ware Yuro miliyan 200 don a mayar da rarar giya sinadarin masana'antu, a 2024 kuma ta yi tayin Yuro 4,000 kan kowace hekta ga wanda zai tumɓuke gonarsa. Har Bordeaux, yankin da ya yi suna a giyar inabi, ba ta tsira ba. A matsayina na Musulmi raguwar shan giya ba ta sa ni baƙin ciki. Sai dai na san hannun da ya murza ganyen nan, kuma ban iya yin murna a kansa ba.

Wuri guda ya ɗan sanyaya mini rai. An kai mu Domaine de Vassal kusa da Marseillan, inda cibiyar binciken noma ta ƙasar ke ajiye da dubban ire-iren inabi daga ƙasashe da yawa, a kan yashin bakin teku saboda filoksera ba ya iya zama a yashi. Yawancinsu ba wanda ke nomawa, an watsar da su ne don ba sa cika kwando ko suna jinkirin nuna. To yanzu da zafi ke sa inabi nuna da wuri, sukari ya yi yawa, jinkirin nan ya zama abin nema. A 2021 an yarda wa Bordeaux ta gwada sababbin iri shida, ciki har da Touriga Nacional na Fotugal da Marselan, wanda aka samar a 1961 ta haɗa Cabernet Sauvignon da Grenache. Tsohon Carignan ma da aka riƙa biyan mutane su tumɓuke, wanda ya tsira yanzu ana neman 'ya'yansa da daraja.

Bara ɗan dattijon ya turo mini hoto ta WhatsApp. Sun karɓi kuɗin tumɓuka a kan filin Merlot, sun dasa zaitun. Wani filin kuma sun sare kawunan, sun bar saiwar, sun aura farin iri a kai, don shi bayan shekara biyu zai fara bayarwa. Tsofaffin layukan Carignan da suka ƙone a gabana sun farfaɗo, ba a taɓa su ba.

Hoton ya zo ne ina lambun kawuna, yana nuna mini inda zai sa mangwaro ɗari uku, duka Binta Suga, don bana shi ya fi kuɗi a kasuwa. Na ce, “Kawu, a bar ko da layi uku na ɗan gida mana, in kasuwa ta juya sai a aura wani a kai.” Ya dube ni, ya ce karatun Nasara ya sa ni tsoro. Mun daɗe muna ja. Layi biyu ya bari.