Gane Nebula a Hotunan Tsakiyar Galaksinmu

Daga watan Yuni zuwa Agusta, idan ruwa ya ɗauke kuma hadari ya waye, duk wanda ya fita bayan garin Bauchi da dare ya fuskanci kudu zai ga wani farin zane mai kauri ya ratsa sama tsakanin burujin Kunama da na Ƙausu. Ta wannan ɓangaren tsakiyar galaksinmu take, wato babban tarin taurarin da ranarmu ke cikinsa, a nisan da haske ke shafe shekaru kusan 26,000 kafin ya ratsa shi. Ɗalibai sukan turo mini hotunan wurin da aka ɗauka da na'urar hangen nesa, suna tambayar waɗanne ne nebula, wato gizagizan gas da ƙura, kuma yawancinsu sun ɗauka cewa duk jan tabon da ke cikin hoton a tsakiyar yake. Wannan fahimtar nake so mu gyara, domin ita ce tushen karanta hoton daidai.

Ƙurar da ke tsakaninmu da tsakiyar tana da yawa ƙwarai, har hasken da ido ke gani ba ya ratsowa sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kamar mai kallon duwatsun Dass a lokacin hazo ne: itatuwan da ke kusa da shi yake gani, dutsen kuwa ya ɓace. Saboda haka nebula masu launi da ke cikin irin waɗannan hotuna suna gabanmu ne, akasarinsu a nisan shekarun haske 4,000 zuwa 6,000.

Launi shi ne abin dubawa na farko. Ja ko ruwan hoda yana nuna gas ɗin haidurojin da sababbin taurari masu tsananin zafi suka sa yake fitar da haskensa. Shuɗi kuwa ƙura ce da ke mayar da hasken tauraron da ke kusa da ita. Baƙin gurbi, inda taurari suka yi ƙaranci kwatsam, ba rami ba ne a sama, gajimare ne mai kauri da ya tare abin da ke bayansa, kuma Edward Barnard ya wallafa jerin irinsa a 1919. Nebular Tirifid, mai lamba M20 a kundin Charles Messier, ta haɗa duka ukun, shi ya sa nake ganin babu wadda ta fi ta dacewa da mai koyo: jan ɓangare da baƙaƙen layuka suka tsaga gida uku, da shuɗin ɓangare manne da shi. Idan aka same ta, babban jan tabon da ke kudu da ita kaɗan shi ne Lagun, M8, wadda tsawonta a sama ya ninka faɗin cikakken wata sau uku. Can arewa kuma akwai Omega, M17, mai siffar agwagwa a kan ruwa.

Ainihin tsakiyar tana kudu maso yammacin Lagun da kimanin digiri 6, a wurin da hoton ya fi duhu. Ganin ta sai da hasken infirared, wanda ido ba ya gani, ko igiyoyin rediyo, waɗanda ƙura ba ta iya tare su. A nan dole mutum ya karanta bayanin hoton tukuna, domin launukan masana ne suka sanya su, kuma ja ba lallai ya zama haidurojin ba. Da infirared na'urar hangen nesa ta James Webb ta ɗauki yankin haihuwar taurari na Sajitariyus C (Sajitariyus shi ne burujin Ƙausu), hoton da aka fitar a Nuwamban 2023, kuma yankin yana nisan shekarun haske kusan 300 daga baƙin ramin da ke ainihin tsakiyar, wato abu mai tsananin ƙarfin jawowa da ko haske ba ya iya kuɓuce masa, wanda nauyinsa ya kai na rana sau miliyan 4. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne aikin MeerKAT, na'urar hangen nesa ta rediyo da ke Afirka ta Kudu, mai faifai 64, wadda hotonta na 2022 ya nuna kumfar ragowar taurarin da suka fashe, da siraran zaruruwa kusan 1,000 waɗanda har yanzu masana ke muhawara kan yadda suka samu.