Tirakan GPS na hannu da na saya wa rokarmu

Tun da aka ga ɗan allon nan kore a hancin rokarmu, wato tirakan GPS mai nuna mana inda ta faɗi, mutane ke ta tambayata, wasu har cewa suke Malam ka samo mana irinsa ko na hannu ne. Toh bari in faɗi yadda tawa ta kasance kafin wani ya tura kuɗinsa.

Mu dai rokar ruwa muke yi, ni da yaran kulob ɗin kimiyya na makarantar da nake koyarwa nan Jos. Robar lemo mai lita 2, a zuba ruwa kamar kashi ɗaya cikin uku, a ɗura iska da famfon keke, a ja igiya ta tashi. Babu wuta babu albarushi. Matsala ta fara ne daga ranar da muka iya sa mata lemar saukowa a hankali, domin da can inda ta tashi nan kusa take faɗowa, amma da lema ta buɗe rannan sai iskar hunturu ta ɗauke ta muna kallo ta yi bayan duwatsu ta wajen Shere. Mun fi awa uku muna nema cikin ciyawa da ƙaya, ba mu gan ta ba. Yarinyar da ta ɗinka lemar da yadin tsohuwar laimar gidansu ba ta ce uffan ba har muka shigo gari, wallahi abun ya tsaya min a rai sosai.

Wani ya ce in sa tirakan mota mai layin waya. Na gwada tunanin amma bai yi ba, yana da nauyi, kuma da netwok ya dogara, bayan dutsen da ba sabis shikenan ya zama kurma. Na roka daban ne. Abu biyu ne a haɗe: ƙaramin da ke cikin roka yana sauraron taurarin GPS da ke sama da mu da kusan kilomita 20,200, sai ya kama aƙalla huɗu kafin ya san inda yake da tsayinsa, sannan ya turo lambobin ta rediyo kai tsaye zuwa risiba da ke hannunka. In kana nema za ka ta cin karo da sunaye irin su Featherweight, Eggfinder, Altus Metrum, duk na Amurka ne, sabo kuma in ka lissafa dala da kuɗin kawowa ba na malamin makaranta ba ne. Shi ya sa na koma neman na hannu.

Na farko da aka min tayi na 915 MHz ne, wato zangon rediyon da yake magana a kai, kuma Allah ya taimake ni na ce a turo min hoton rubutun da ke jikinsa. A Amurka zangon 902 zuwa 928 a buɗe yake ga irin waɗannan ƙananan na'urori, mu kuwa a rabon zangon rediyo na duniya yanki ɗaya muke da Turai inda ake amfani da 868, kuma wayoyinmu na GSM suna magana ne tsakanin 890 da 915. Ka ga ka shiga gonar kamfanonin waya kenan, gonar da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ke gadi. Akwai kuma masu aiki a wajen 434, irin na Altus Metrum, su kuma don masu lasisin rediyon sha'awa aka yi su. Na bar wancan na samu na 868 wajen wani bawan Allah a Abuja da ya ce daga waje ya dawo da shi.

A nan na yi kuskure. Hoto kawai na gani da fitila a kunne, na tura kuɗi, ya ba direba a tasha. Kaya suka iso da yamma cikin kwalin sabulu an naɗe da salatif. Batirin na fara gani ya kumbura kaman an hura shi, irin LiPo ɗin nan, shi kam ko caji ban yarda na sa masa ba don in ya kumbura yana iya kamawa da wuta. Na sa wani, na fita fili tsakar makaranta inda ba rufi ba bishiya, fitila na ta ƙiftawa, risiba na karɓar saƙo amma wajen lambobi wayam. Lafiyayye a fili bai cika wuce minti ɗaya ko biyu ba, in ya daɗe a ajiye ka ba shi ko kwata. Ni minti arba'in na yi a tsaye cikin sanyin nan. Na kira mutumin ya ce "Yallaɓai a hannuna lafiya lau yake aiki", daga nan kuma waya ta daina shiga.

Wani mai gyaran waya a Terminus ne ya cece ni. Ya sa shi ƙarƙashin gilashinsa ya daɗe yana juyawa, sai ya ce "Malam zo ka gani, wannan ba kamfani ne ya yi sodarsa ba". Gaskiyarsa kuwa, wasu tirakan a warwatse ake sayar da su kai za ka haɗa da kanka, don haka in ka sayi na hannu har da hannun wanda ya haɗa ka saya. Ƙafa biyu na ɓangaren GPS ɗin dalmar ta dushe ta tsage, da ka danna da tsinke sai ta motsa, ga kuma alamar ya taɓa shan ƙasa da ƙarfi domin gefen allon ya ɗan daku. Sa'ar da na yi farar eriyar nan mai kusurwa huɗu da ke sama ba ta fashe ba, da ita ce da sai dai a canza. Ya sake sodar, muka fito bakin titi, kafin ya gama ba ni canji tirakan ya kama taurari bakwai.

Don Allah duk mai saye ya ce a masa bidiyo a waje, ba a ɗaki ba, a kunna a gabansa har lambobi su fito a risiba, ya kwafe su ya sa a taswirar waya ya ga ko unguwar mai kayan suka nuna. A sayi tiraka da risiba tare, don na wannan kamfani ba ya jin yaren na wancan. A duba eriyar rediyo tana nan kuma kar a kunna shi babu ita. Batir kam ka ɗauka babu, ka cire kuɗinsa tun wajen ciniki. In mai kaya ya fara maka dogon bayani kan iyakar kilomita 18 da gudun mita 515 a daƙiƙa da ake sa wa GPS na farar hula, gaskiya ne akwai ta, amma robar lemo ba ruwanta da wannan.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi, nan Jos ne. Mutum ya gan ka da bututu mai fiffike da eriya a hannu kana bin gonaki, ba lallai ya tsaya tambaya ba. Kafin mu fita sai na gaida mai unguwa na nuna masa komai, takardar makaranta na aljihuna, kuma ba ma kusantar Heipang saboda filin jirgi.

Fitarmu ta ƙarshe iska ta sake kwashe ta, tana sauka bayan dutse sigina ya yanke. Muka bi lambar ƙarshe da risiba ta riƙe, muna hawa kan tudu sai ga shi ya dawo da sabuwar lamba, yaran suka ruga. A cikin gonar dankali muka same ta lemar ta rufe kunya guda, mai gonar na tsaye a kanta da fartanya a kafaɗa yana jira ya ga masu ita.

Wani malami daga Bukuru ya ce yana so in sayar masa in na samu wani. Na faɗa masa an taɓa gyara sodar, na tura masa hoton wajen, na ce ya zo ranar Asabar da safe mu kunna shi a fili tukuna.