Ranar da na ga sojojin yumɓu a Xi'an

Yau Talata. Na gaji tiɓis, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta abin da idona ya gani.

Da hantsi motarmu ta isa Lintong, tafiyar kusan awa guda gabas da birnin Xi'an na ƙasar Sin. Nan ne wasu manoma suke haƙa rijiya a 1974, sai suka tono kan mutum na yumɓu. Ashe rundunar da aka binne wa sarki Qin Shi Huang ce, wanda ya haɗe ƙasar Sin a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Da na shiga rumfar rami na ɗaya, mai tsawon mita 230, sai na kama shinge na yi tsit. Sojoji ne sahu-sahu, kowanne tsayin cikakken namiji, ga dawakai a tsakaninsu. An ƙiyasta sun kai 8,000 a ramukan gaba ɗaya. Wannan mai gashin baki, wancan yaro ne sharaf, wani ya ɗaure fuska tamau. Da can fenti gare su, iska ce ta kankare shi bayan an tono su.

Amma wanda ya riƙe ni shi ne maharbin nan da ya durƙusa a cikin akwatin gilashi, a ɓangaren rami na biyu. Na zaga bayansa, sai ga tafin takalminsa an zane shi ɗigo-ɗigo, layi bayan layi. Wanda ya yi aikin ya san ƙasa za ta rufe shi, duk da haka bai yi ha'inci ba. Kakata maginiyar tukwane ce, Allah ya jiƙanta, kuma har gindin randa sai ta shafe da ɗan dutsenta. Ita na tuna, idona ya cika da ƙwalla. Masanin tarihin Sinawa na da, Sima Qian, ya rubuta cewa mutum 700,000 aka sa aikin kabarin sarkin. Tausayinsu ya fi kama ni fiye da girman sarkin. Kabarin nasa ma tudu ne can gefe, har yau ba a buɗe shi ba.

Ganuwar birnin kuwa ta tagar mota kawai na gan ta, sauri nake in riski la'asar.

Babban masallacin Xi'an ba ƙubba, rufinsa irin na fadar Sinawa ne, tsakar gida bayan tsakar gida, ga itatuwa. Wani dattijo ɗan ƙabilar Hui, wato Musulmin Sinawa, mai farar hula ya yi mini sallama. Na amsa, na ce, "Baba, alwala," ina nuna hannuwana. Ya kama hannuna ya kai ni har wurin.

Bayan magariba na ci paomo a unguwar Musulmi. Gurasa mai tauri ake miƙo maka da kwano, ka gutsuttsura da kanka, sannan a zuba romon tunkiya. Mai abincin ta duba nawa ta girgiza kai, ta nuna mini da yatsu cewa in ƙara ƙanƙanta su. Na koma na zauna na sake.