Sim ɗin da ba a kiran kowa da shi

Duk wanda ya taɓa buɗe bayan na'urar POS zai ga sim a ciki, wani lokacin ma biyu, kuma wannan layin ba mai kiransa ba mai turo masa barka da Juma'a, aikinsa kawai ya kai bayanin katinka wajen saba, wato babbar kwamfutar kamfanin, ya dawo da amsa. Haka tiraka da ake ɓoyewa a mota, haka solar ɗin nan ta biya kaɗan-kaɗan mai kulle kanta in ka yi lattin biya. Shi ne ake ce wa M2M, na'ura ke zance da na'ura.

Saƙon yakan tashi daga na'urar zuwa eriyar kamfanin waya, daga nan ya wuce cibiyarsu, can ake duba APN ɗin layin, wato sunan ƙofar da datarsa ke bi, a san inda za a tura shi. Masu harkar kuɗi sun fi son APN nasu na kansu, yadda bayanin zai bi keɓaɓɓiyar hanya har sabarsu ba sai ya ratsa intanet ɗin kowa da kowa ba. Wasu kuma basa sa wa kowace na'ura sim, misali sai mitocin unguwa guda su tara karatunsu a akwati ɗaya, shi kaɗai ke da sim. Ya fi araha, amma ranar da akwatin ya mutu duk sun yi shiru.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina, matsalar ba yawan data bace ko kaɗan, mita ɗan mitsitsin saƙo take turawa. Netwok ɗin ne aka gina don mutane. Ka ɗauka an kawo wuta bayan ɗaukewa, dubban na'urori su farka lokaci guda kowacce na neman eriya ta yi mata rajista, kamar an buɗe ƙofar banki ranar albashi, ai dole abu ya cushe. Shi ya sa a 2016 ƙungiyar 3GPP mai tsara ƙa'idojin netwok ɗin waya ta fito da NB-IoT da LTE-M, tsarin netwok guda biyu da aka yi don na'urori. NB-IoT ɗan wuri kaɗan yake ci a zangon rediyo, 180 kHz kacal, na'ura ta yi ta barci sai ta farka ta aika saƙo ta koma, ana cewa batir zai kai shekara 10, a takarda dai. LTE-M ya fi dacewa da abin da ke yawo irin mota.

Sai batun 2G. Kamfanin waya na AT&T a Amurka ya rufe nasa a farkon 2017, Singafo ma ta rufe a shekarar. Tirakoki masu araha da yawa 2G kawai suke kamawa, don haka in za ka sa wa motarka ka tambayi mai sayarwa ko tana hawa 4G, kar ka yarda da "ai tana aiki lafiya".