Gumin fata ba ya bambance murna da fushi

Abin ɗaurawa a wuyan hannu muka ƙera. Yana auna bugun zuciya da koren haske, yana kuma auna yadda lantarki ke ratsa fata idan gumi ya tsatso. Manufar ita ce manhajar waya ta sauya wa mutum kiɗa idan ransa ya ɓaci. Batir da haɗa wayoyi ba su ba mu wahala ba. Gumin nan ne ya cinye mana lokaci da kuɗi.

Tun 1980 James Russell, masanin halayyar ɗan Adam, ya raba motsin rai gida biyu: ƙarfin tashin jiki, da kuma daɗi ko rashin daɗin abin. Ƙarfin tashin jikin kaɗai gumi yake nunawa. Wanda aka yi wa albishir, da wanda aka zaga, da wanda ya hau bene da sauri, layinsu a allo kusan ɗaya ne. Har yanzu abin yana ci mini rai idan na tuna masu gwaji suna cikin raha, manhaja tana sa musu kiɗan rarrashi. Wasu a take suka kwance na'urar.

Sai da muka ƙara ma'aunin motsi da na zafin fata, muka riƙa watsar da duk bayanan da aka ɗauka hannu yana lilo. Kowane mutum kuma a fara auna shi minti 5 yana zaune shiru, domin fatar wani busasshiya ce, ta wani kullum da danshi. Ma'auni ɗaya ba ya yi wa kowa. Gumin yakan biyo bayan abin da ya tayar da shi da daƙiƙa 1 zuwa 3. Madauri kuwa in ya yi sako-sako, bugun zuciyar da za ka samu shirme ne.

Kada ka ce kyamara za ta cike giɓin. A 2019 Lisa Feldman Barrett, masaniyar halayyar ɗan Adam, da abokan aikinta sun nuna cewa yanayin fuska ba abin dogaro ba ne wajen gane motsin rai, kuma a 2022 Microsoft ta sanar da janye fasahar gane motsin rai daga Azure Face, manhajarta ta tantance fuska.

Duk da gyare-gyaren, gumi bai fara bambance murna da fushi ba. Don haka muka hana manhajar yanke hukunci. Yanzu tambaya take yi: "Jikinka ya ɗan tashi, in sauya kiɗa?" Amsar da mutum ya taɓa ita muke ajiyewa, da ita manhajar ke koyon halinsa, kuma akwai maɓallin kashe awon gaba ɗaya a shafin farko.