Dariyar ƙarfe shida da rabi

Akwai wani tsoho a gidan kula da tsofaffin da nake aiki a nan Leeds, Bature ne ya haura tamanin, in shida da rabi na yamma tayi ko me kake masa sai dai ka dakata. Magani ne, shayi ne, gyaran gado ne, sai kawai ya ɗaga maka hannu ya nuna rediyonsa, wata tsohuwa mai eriya da aka ɗaure murfin batirinta da salatif. Ranar farko na ɗauka labarai zai ji, don ni a iya sanina BBC labarai ce kawai. Mu da muka taso Baba Allah Ya jiƙansa yana kishingiɗe a tabarma ƙarfe takwas da rabi na dare, ana cewa London take kira gidan yayi tsit, ko tari ya kama ka sai ka fita zaure kayi abunka. Toh ina tsaye da kofin magani a hannu sai naji mutane cike da ɗaki suna ta ƙyalƙyala dariya a cikin rediyon, tsohon nan ma yana yi har da share hawaye, ni kuma duk kalmomin da aka faɗa na ji su ɗaya bayan ɗaya amma ban ga inda abun dariyar yake ba. Nayi murmushin yaƙe dai irin na baƙo.

Tashar sunanta Radio 4, kuma ashe wannan rabin awar tsakanin labaran ƙarfe shida da ƙarfe bakwai an ware ta ne don barkwanci a ranakun aiki, shekara da shekaru. Ba talla ko ɗaya, don kuɗin lasin ɗin talabijin da gidaje suke biya shi ke riƙe da tashar. Yawancin shirye-shiryen a gaban jama'a ake ɗauka, tikiti kyauta ne sai dai rabo, wasu a wani ɗakin taro da ke cikin Broadcasting House a Landan, ginin da sashen Hausa ya koma a 2012 bayan sun bar Bush House. Wato mutanen da muke ji suna karanto mana labarin yaƙi da juyin mulki, a ƙarƙashin rufi ɗaya suka koma da masu wannan shiririta. Abun ya daɗe yana bani mamaki.

Wanda ya fara kama ni shi ne Just a Minute, don shi dokarsa ko yaro zai gane. Mutum huɗu ne a zaune, a baka maudu'i, misali jakar hannu ko ranar Litinin, ace kayi magana a kai na daƙiƙa 60 ba inda-inda, ba maimaita kalma, ba sakin layi. Kana kuskurewa wani zai danna ƙararrawa ya ƙalubalance ka, in alƙali ya yarda da shi ya samu maki ya karɓe maudu'in da sauran daƙiƙun da suka rage, in bai yarda ba kai ka samu makin ka cigaba, wanda kuma usur ya busa yana magana shima ya samu nasa. Shikenan fa. Tun 1967 ake wannan abu, mutum ɗaya Nicholas Parsons ya riƙe alƙalancin sama da shekara hamsin har ya rasu a 2020 yana da shekara 96, yanzu wata mata ce Sue Perkins. Kuma daɗin ba a minti ɗayan yake ba, a gardamar yake, manya masu furfura su tsaya suna rantse-rantse akan wai wane ya ja numfashi da yawa kafin ya faɗi kalma, kaman wanda aka ci wa gado.

Ni da rawar kai sai nace ai wannan mu ma za mu iya, Bahaushe da baki. Bayan ƙaramar sallah da mutanenmu suka zo gida cin tuwo na kawo shawarar, mu huɗu, ni da wani abokina Bazazzage da wasu biyu, uwargida ce alƙaliya, waya a hannu tana duba lokaci, murfin tukunya da cokali su ne ƙararrawa. Aka bawa Bazazzagen maudu'i, dambun shinkafa. Ya gyara zama ya gyara hula yace toh jama'a barkanmu da warhaka, barkanmu da sallah, ƙwal aka buga murfi. Daƙiƙa huɗu. Yace haba Hajiya ai gaisuwa ce ban ma fara ba, tace Malam barkanmu biyu ka faɗa ni dai abun da aka ce in kama kenan. Na karɓa ina masa dariya ina cewa dama me ake jira daga Bazazzage, ban kai daƙiƙa goma ba na faɗi wallahi sau biyu. Daga nan rigima ta koma kan nahawu, shin sannu-sannu kalma ɗaya ce ko biyu, iri-iri fa, maza-maza fa, ɗaya-ɗaya fa, ɗaya daga cikinmu da ya karanta Hausa a jami'a ya tashi tsaye yana bayani da hannu yana cewa in aka hana ninki an kashe rabin harshen, aka buga masa murfi akace ya saki layi. Ranar na lura yanda maganarmu take tafiya, mu maimaici ado ne, mai wa'azi yana yi, maroƙi yana yi, tsohuwa mai tatsuniya tana yi, ka gane ko, ka gane ko, kowace jimla da ƙafarta ta baya. Wanda yafi kowa daɗewa a cikinmu daƙiƙa ashirin da wani abu yayi, shima don yana magana ne a hankali kaman mai karanta wasiyya.

Wanda ya wahalar dani kuwa shi ne I'm Sorry I Haven't a Clue, tun 1972 ake yinsa, Jack Dee ke jan ragamarsa yanzu da wata murya ta wanda aka tilasta masa zuwa. A ciki akwai wani wasa da suke kira Mornington Crescent, sunan wata tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ce a Landan. Kowa sai ya faɗi sunan tasha ko titi, wani yace kaza, jama'a suyi wani irin nishi kaman anyi babban motsi a dara, alƙali ya tsaya ya kawo wata doka mai suna mai tsawo, har wani ya faɗi Mornington Crescent a tafa masa yaci. Na tambayi tsohon nan mai rediyo dokokin, ya kalle ni fuskarsa ba alamar wasa yace abun yana da zurfi, sai na fara haddace taswirar jiragen tukuna. Wallahi sai da na sauke taswirar a waya. Kusan wata guda ina bin layi da yatsa lokacin hutu ina neman lissafin, sai wata abokiyar aikina ta leƙo ta ga abun da nake, ta zauna a kujera tana dariya har tana riƙe ciki. Babu doka ko ɗaya. Wasan kenan, ƙasa guda ta haɗa baki shekara da shekaru tana yi kaman akwai. Da na koma wajen tsohon nace Baba ashe haka za muyi da kai, cewa yayi waccan yarinyar bata san tsohon tsarin bane.

Ba duka nake so ba gaskiya. Na ranar Juma'a, The News Quiz da Andy Zaltzman yake gabatarwa, labaran mako suke bi suna yi wa 'yan siyasa tsiya, har firaminista ba a ƙyale shi, to amma in baka san waye ministan kaza da abun da ya faɗa ranar Talata ba sai ka zauna kaman kurma a gidan biki. Wasu kuma akwai maganganu masu harshen damo da in yara suna mota nake rage murya. Sannan in faɗi gaskiya matasan da muke aiki tare ba mai jin tashar nan, ta iyayensu ce da kakanninsu, masu lambu a bayan gida.

Na wasan kwaikwayo ɗaya zan ambata, Cabin Pressure na John Finnemore, daga 2008 zuwa 2014, labarin wani kamfanin jirgin sama mai jirgi ƙwaya ɗaya tak da ma'aikata huɗu, kowane kashi da sunan gari, daga harafin A zuwa Z, wato daga Abu Dhabi har Zurich. Akwai na Timbuktu, wani attajiri ya kafe sai an kai shi can alhali ana rikici a Mali, sai suka sauke shi a wani tsibirin Italiya suka ce masa ai nan ne. A rediyo wannan kyauta ne, ƙarar inji da murya huɗu sun gama gina maka jirgi da hamada, a fim kuwa sai an sayar da gona.

Amma inda zuciyata take shi ne masu tsayuwa su kaɗai da makirfo. Akwai Alfie Moore, tsohon sajan ɗin 'yan sanda, yana kawo wani kes da ya taɓa yi sai ya tsaya a tsakiya ya tambayi jama'a, ku a ce ku ne da kakin me za kuyi, a kama shi ko a sake shi, sai kaji masu zagin 'yan sanda sun rikice. Akwai Daliso Chaponda ɗan Malawi, wanda yazo na uku a gasar Britain's Got Talent a 2017, shirinsa Citizen of Nowhere akan dangantakar Afirka da Birtaniya ne, mulkin mallaka, 'yan agaji, takardun zama, yana gaya musu magana mai zafi suna tafa masa. Shi kam ban taɓa makara a dariyarsa ba, wani lokacin ma ni nake riga ɗakin. Sai kuma Mark Steel, wanda tun 2009 yake bin ƙananan garuruwan da ba mai zuwa, ya kwana biyu yana karanta tarihinsu yana hira da mutane, sannan ya tara 'yan garin a ɗakin taronsu yayi rabin awa yana tsokanarsu da abun da su kaɗai suka sani. Ya fara da Skipton nan kusa damu. Yaje Portland can kudu, inda mutanen wajen basa furta sunan zomo, wai tun zamanin fasa dutse in aka ga zomaye sun fito rami zai rufta, sai dai suyi masa laƙabi. Ina jin haka na tuna kakata da in dare yayi bata cewa maciji sai igiyar ƙasa, ranar ni da tsohon tare muka yi dariyar ba wanda ya jira wani.

Wannan na Mark Steel shi yake sa ni ƙyashi, don abun da yake wahala yana nema a kowane gari, wato izinin tsokana, mu gadonsa muka yi. Bakano da Bazazzage, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, jika da kaka, ɗan mace da ɗan namiji, kowa ya san wanda zai faɗa wa magana a wuce wajen ba ɓacin rai. Ga 'yan kama da tun kafin a san makirfo suke tsayawa a kasuwa su ɗauki muryar malami suna jan baƙi amma duk akan tuwo da fura ne. Ga Samanja, marigayi Usman Baba Pategi da ya rasu a 2023, a Rediyon Kaduna abun ya fara kafin talabijin, Hausar bariki kaɗai ta isa ta kwantar da mutum. Amma yanzu in naje gida na murɗa rediyo da daddare tashoshi sun yi yawa kam, sai dai in ba sojojin baka suna yi wa juna wankin babban bargo ba to mai maganin basir ne ya sayi fili. Kuma mutane da yawa don dariya suke jin sojojin bakan nan, kowa ya sani, akwai masu azanci a cikinsu na ban mamaki, kawai dai azancin na haya ne, wanda ya biya shi ake yi wa. Masu barkwancin kuma duk sun tattara sun koma TikTok da YouTube, sai an saka yagaggiyar riga an shafa gawayi an faɗi a kwata. Ban ga laifin gidajen rediyon sosai ba, su ba wanda yake tara musu kuɗin lasin, dizal kuma ba ya jin barkwanci. Amma mutum huɗu da teburi da murfin tukunya nawa za su ci?

Shekaranjiya ina diyutin yamma, an kawo wa tsohon sabon magani ina masa bayani, wannan da safe, wannan bayan abinci, wannan kuma in za'a kwanta, ashe duk jimla sai na rufe ta da oke, oke Baba, oke. Ina cikin yi naji ƙararrawar kiran nas ta ɗauka a korido, na juya da sauri in ga ɗakin waye, sai naga lambar ɗakin da nake ciki ce. Yana riƙe da abun dannawar a ƙirji, fuskar nan a murtuke. Yace maimaici, oke sau uku, maudu'in ya dawo hannunsa, saura daƙiƙa nawa.