Donot ɗin karin safe ba sai da yis ba

Ni dai in na karin kumallo ne ban fiya bi ta kan yis ba, bekin fauda nake sawa. Na yis ya fi laushi kam, wannan ba musu, amma sai kin kwaɓa kin rufe kin jira kusan awa guda ya tashi, in kuma lokacin hunturu ne irin sanyin nan namu na Disamba da Janairu to sai hantsi ya dubi ludayi ƙullun bai motsa ba, yara kuwa bakwai da rabi sun saɓa jaka. Wannan kuwa in kin fara bayan sallar asuba, kafin su dawo daga makarantar allo kin sauke kasko.

Fulawa gwangwani 3 nake aunawa da gwangwanin madarar ruwa, suga rabin gwangwani, bekin fauda ƙaramin cokali 2, gishiri ɗan kaɗan, ƙwai 1, bota babban cokali 2, sai ki ɗan kankare gyaɗar ƙamshi a kai in kina da ita. Mu nan bekin fauda ba kullum ake samu a shagon gari ba, ranar Juma'a nake ba da saƙo a taho min da shi daga kasuwar Wudil, kuma don Allah ki dinga rufe gwangwaninsa gam saboda in ya sha iska ya mutu, sai kiyi ta zargin fulawa alhali ba ruwanta.

Ruwan kwaɓin fa, kindirmo nake sawa. Wanda 'yan fulani ke kawowa ɗin nan, ki ɗan sirka da ruwa, tsaminsa na sa donot ɗin yayi taushi fiye da na madarar gari. Ki mutsittsike botar cikin fulawa da yatsu tukunna, ki fasa ƙwan, sannan ki dinga zuba nonon kaɗan kaɗan har ya haɗe ya daina kama hannu. Daga nan ki tsaya! Kar ki hau bugu kamar mai kwaɓin burodi, yawan murza shi ke sa yayi tauri a dinga ja da haƙori.

Ki barbaɗa fulawa a bayan tire, ki murza da wankakkiyar kwalba, kauri kamar na ɗan yatsa. Kofin silba shi ne abin yankana, hujin tsakiya kuma murfin gorar ruwa. Hujin nan ba ado bane, shi ke sa mai ya ratsa tsakiyar ta soyu tare da gefe. 'Yan ƙananan da kika ƙwaƙulo ki soya su a ƙarshe, su yara suka fi rububi ma.

To wuta, nan ne aikin yake. Mu da muke girki da kara mun san halinsa, yanzu ya tashi bal bal anjima ya mutu, in kika saka donot a wannan wutar waje zai yi baƙi ciki ɗanye. Gara gawayi a kurfoti, ko ki bari itace ya zama garwashi. Man gyaɗa ya zama da yawa yadda donot zai yi iyo, ki gwada da ɗan gutsuren ƙullu, in ya nutse ya taso yana 'yan kumfa a hankali to yayi, in ya yi ja nan take ki janye wuta, in kuma ya kwanta a ƙasa shiru man bai yi zafi ba kuma zai sha mai har ya gundure mutum. Huɗu huɗu nake sawa, kowane gefe minti ɗaya zuwa biyu, ki juya sau ɗaya kawai.

Da zafinsa zaki juya shi cikin suga, in ya huce ba ya kamawa. Maigida da shayi yake ci, ni kuwa wallahi da koko na fi sonsa. Kiyi daidai na ranar, na bekin fauda in ya kwana bushewa yake, man kuma in ya huce ki tace ki adana na ƙosan gobe.